Hannun da Rilwanu ya je da shi Roni

Ƙanena Rilwanu yatsu bakwai gare shi, kuma da guda ɗaya a cikinsu ya riƙe mutuncinsa shekara tara a garin Kazaure. Yau wannan yatsan ba ya lanƙwasuwa. Zan faɗi yadda aka yi, don na gaji da jin masu zaman bakin titi suna ba da labarin a karkace. Wani ya ce faɗan budurwa ne, wani ya ce na siyasa. Ba ko ɗaya. Faɗan gem ne, wasan nan da ake bugawa a talabijin, gem ɗin ma da ko fitowa bai yi ba.

A Gwiwa aka haife mu. Mahaifinmu daga Barno ya taso da fataucin kanwa, shi ya sa har yau Rilwanu Ya Kura yake ce mini, wato babbar yaya. Mu uku ne: babban wanmu Baba Kura, direban tifa ne mai ɗibar dutse, sai ni, sai Rilwanu auta. Yana da shekara goma sha tara ya tafi Babura aikin injin niƙa. Wata ranar kasuwa bel ɗin injin ya kama hannun rigarsa, ya ja hannun dama ciki. Kafin a kashe injin, yatsu uku na tsakiya sun tafi, garin masarar wata mata ya koma ja. Babban yatsa da ƙarami kawai suka rage masa.

Duk wanda bai rasa hannun dama ba bai san abin da ake yi da shi ba. Da shi ake cin tuwo a kwano ɗaya da mutane, da shi ake gaisawa a ƙofar masallaci. Rilwanu ya koma cin abinci shi kaɗai da cokali. In an miƙo masa hannu, wuyan hannunsa yake bayarwa yana kallon ƙasa. Mutanen Babura kuwa, da ba sa rasa sunan da za su laƙaba wa bawan Allah, suka sa masa Dungu. Sunan ya biyo shi har Kazaure lokacin da na ɗauko shi ya dawo wurina.

Nan ya buɗe shagon cajin waya, daga baya ya sa talabijin biyu da na'urar gem. Akwai wani wasa da ya fi kowanne jan mutane. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakinsu, sai suka kira shi Mai Takobi. Mutum biyu ne ke zama, kowa da jaruminsa, a yi ta sara har sai kan wani ya faɗi ƙasa yana birgima, jini na feshi a bango. Ni ko kallonsa ba na so. Na sha tsayawa a ƙofar shagon in ce masa, "Kai da injin ya yi wa wannan aiki, ba ka ƙoshi da ganin jini ba?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ya Kura, wannan jinin ba ya ɓata riga."

Abubuwa biyu zan bayyana, kuma ni kaina sai a bakin gadon asibiti na koye su. Abin nan da ake riƙewa ana dannawa, su hannu suke ce masa. Sai ka ji ana cewa hannu ya lalace, ko a ara mini hannu. Na biyu, a cikin wasan akwai abin da suke kira tarewa. In abokin faɗanka ya kawo sara, akwai maɓalli guda a ƙarƙashin manunin hagu. In ka danna shi daidai lokacin da takobin zai sauka, ba kafin ba, ba bayan ba, sai takobin ya koma da baya, mai shi ya buɗe ƙirji, kai kuma ka gama da shi.

A nan Rilwanu ya sami gida. Manunin hagunsa lafiya lau yake. Hannun gem ɗinsa kuwa ya yanko robar silifas ya manna da gam a ɓangaren dama, yadda ƙaramin yatsansa zai tokare ya riƙe. Ba ya tsalle, ba ya gudu. Tsayawa yake cak, a kawo masa sara, ya tare, ya cire kai. Daga Babura, Roni, Gwiwa, har Yankwashi ake hawo babur a zo a gwada shi, a koma da kunya. A shagon nan ne kawai na ga ya fito da hannun damansa fili, ya ɗora a gwiwa, bai damu da wanda ke kallo ba. Da wannan ƙarfin zuciyar ya nemi Khairiyya, ya aure ta, har sun haifi biyu. Yana da shekara talatin da takwas, mutum da iyalinsa, kada wani ya ce mini wasan yara ne.

Sai bara kamfanin da ya yi wasan, can a ƙasarsu, ya saki bidiyon talla cewa Mai Takobi na biyu na nan tafe. Minti uku ne bidiyon. A ciki suka nuna sun cire tarewa gaba ɗaya. Wai yanzu kaucewa za a riƙa yi, mutum ya yi tsalle gefe ya zagayo ta baya, kuma sai an danne maɓalli biyu a lokaci guda da yatsun dama na tsakiya. Daidai yatsun da suka tafi da garin masara a Babura.

Suna da guruf a waya, mutum sama da ɗari daga garuruwan nan huɗu. Guruf ya rabe biyu, 'yan tare da 'yan kauce. Wata huɗu suna abu ɗaya. 'Yan kauce suka ce tsohon salon ya sa wasa ya zama zaman jira, mutum ya ƙame kamar turke. 'Yan tare suka ce kaucewa gudu ne aka yi wa kwalliya. Rilwanu ne babban 'yan tare, kullum bakinsa a jikin waya yana aika saƙon murya. "Jarumi ba ya juya wa takobi baya," in ji shi. Bai taɓa cewa don yatsunsa yake magana ba, ko sau ɗaya. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, sai mutum ɗaya.

Shafi'i sunansa, tela ne a Roni, shugaban 'yan kauce, yatsunsa goma cif kuma bakinsa ya fi allurar kekensa kaifi. Shi ne ya aiko murya yana dariya: "Dungu, ka bar wahalar da mu da zancen jarumta. Ka fito fili ka ce kayan aiki ne babu. Sabon wasa na masu cikakken hannu ne."

Khairiyya ta ce ranar ko abinci bai ci ba. Washegari ya mayar da amsa cewa zai je har Roni ranar Asabar, su kara a tsohon wasan, wanda ya ci uku a cikin biyar ya tafi da hannun gem ɗin ɗan'uwansa. Hannunsa mai robar silifas ya sa a caca, wanda in babu shi ba zai iya riƙe kowanne ba. Mu a gida ba wanda ya san da wannan.

Ranar Asabar da hantsi ya hau babur ya tafi, ya bar wayarsa a gida tana caji. Wajen azahar sai ga Khairiyya ta faɗo gidana, mayafi a hannu, wayar Rilwanu a ɗaya hannun, goyo na kuka.

"Ya Kura, karanta! Kashe shi za su yi!"

Na yi sakandare, ba wanda zai koya mini karatun Hausa. Sau uku na karanta abin da Shafi'i ya rubuta a guruf: "Yau in Dungu ya shigo Roni, ni zan tare shi da kaina. Wallahi ba zai koma Kazaure da hannunsa ba." A ƙarƙashi wani ya rubuta, "A cire masa kai." Wani ya sa hoton wuƙa guda biyar.

To ku gaya mini. Mutumin da hannu ɗaya ya rage masa, a ce za a tare shi, a ce ba zai koma da hannunsa ba, me 'yar'uwarsa za ta fahimta? Shafi'i nufinsa zai doke Rilwanu da salon tarewar da yake taƙama da shi, ya karɓe hannun gem. Ni kuwa hanyar Roni na gani, da duwatsu, da adda.

Na kira Baba Kura. Yana wurin lodi, ya ce in tsaya a bakin titi. Ko minti ashirin ba a yi ba tifa ta tsaya gabana, 'yan lodi takwas a baya da shebur da gora. Ya ce in koma gida. Na ce in ya isa ya sauke ni, na haye gaba.

A Roni ba mu sha wahalar nema ba, babura sun fi talatin a ƙofar wani shago. Tun daga waje muka ji ihu.

"Sare shi!"

"Ya buɗe, kashe shi! Kashe ɗan banza!"

Baba Kura bai yi sallama ba. Da kafaɗa ya shiga, labule ya biyo shi ƙasa. Na farkon da ya tsaya masa a hanya ya sha gindin gora a baki, na ga haƙori ya yi tsalle ya faɗa kan siminti. 'Yan lodi suka afka. Shebur ya sami talabijin, gilashi ya watse a kan mutane. Mutanen Roni ba su san dalili ba, amma ba su tsaya tambaya ba, suka ɗaga benci. Wani ya fasa kwalbar lemo a ƙeyar ɗaya daga cikin namu, jini ya sauko masa har cikin riga. Wani aka tura ya faɗa kan wayoyin wuta, ɗakin ya yi ƙaurin roba. Ni ina ƙofa ina kiran sunan Rilwanu, wani ƙato ya bangaje ni na zube a kan babur, salansa mai zafi ya ƙone mini ƙwauri. Tabon yana nan.

Da na miƙe na hango shi. Yana zaune a tabarma a gaban talabijin ɗin da ya fashe, hannun gem a cinyarsa, lafiyarsa ƙalau, baki buɗe. Kusa da shi wani siriri mai tef ɗin awo a wuya.

"Wane ne Shafi'i?" in ji Baba Kura.

Siririn, don rashin sanin abin da ke tafe, ya ce, "Ni ne, Alhaji, lafiya?"

Saran farko ya tsaga masa goshi, ya faɗi a gwiwa, jini ya rufe masa ido. Baba Kura ya sake ɗaga gora da hannu biyu, da ƙarfin mutumin da ya shekara ashirin yana juya sitiyarin tifa, ya nufi tsakiyar kansa. Da ta sauka, da gawa za a ɗauka.

Rilwanu ya ce, "Yaya, a'a!" Ya miƙa hannun hagu.

Ba kafin ba, ba bayan ba. Daidai lokacin.

Ƙarar da na ji irin ta busasshen kara ce in an taka shi. Gorar ta sauka a bayan hannunsa, manunin ya juya ya kalli inda yatsa ba ya kallo, ƙashi ya huda fata ya leƙo fari. Bai yi ihu ba. Ya dubi hannun, ya dubi wanmu, ya ce, "Biyu da ɗaya muke. Ni ke ci." Sannan ya suma.

Abin da ya biyo baya kowa ya ji. 'Yan sanda, asibiti, ɗinki tara a goshin Shafi'i, Baba Kura kwana huɗu a tsare kafin dattawan garuruwan biyu su zauna su kashe maganar. Ni na tsaya gabansu na ce ni na kira shi, kuma in aka sake nuna mini wannan rubutun gobe, zan sake kira. Laifina na ɗauka, ban ɓoye ba. Amma ƙattai ɗari da suka zauna suna rubuta a cire kai, a sare hannu, a kan mutumin da suka san yadda hannunsa yake, ba su taɓa tunanin yana da mata da 'yar'uwa masu iya karatu ba? Su kuma masu kamfanin, da suka zauna suka shafe maɓalli guda kamar sun share ƙura, ko sun san akwai masu yatsu bakwai a duniya?

Ƙashin ya haɗe, amma manunin ya sandare, miƙe yake kamar mai tahiya. Mai Takobi na biyu har yau bai fito ba, an ce an ɗaga. Guruf kuwa na nan ana ta musu.

Makon jiya na kai masa abinci shago, na tarar da Shafi'i zaune a benci da tabonsa. Yakan zo duk Asabar yanzu. Yana cewa, "Malam Rilwanu, wallahi ko a ranar, da kaucewa na yi da ba a kai ga haka ba."

"Da kaucewa ka yi," in ji Rilwanu, "da na bayanka gorar ta samu. Ku 'yan kauce ba ku taɓa tunanin na baya ba."

Ban ji Dungu a bakin kowa ba. Rilwanu na riƙe da hannun gem ɗinsa a tsakanin gwiwoyi, yana gwada kai yatsan tsakiya na hagu kan maɓallin tarewa. Yatsan ba ya kaiwa, saura kaɗan, kamar kaurin ƙwayar gyaɗa. Ya gwada, ya sake gwadawa, gumi na tsattsafo masa a hanci. Can ya sunkuya ya ƙura wa ƙafata ido.

"Ya Kura, wannan silifas ɗin naki robarsa na da kauri?"

"Sabo ne, jiya na saya."

"Ai saura wasa biyu tsakanina da wannan telan."

Na cire na hagu na miƙa masa. Shafi'i ya zaro almakashi daga aljihu, ya tambaye shi ina za a yanka. Da takalmi ɗaya na hau adaidaita na koma gida.