Wurin da Na Tura Gaba a Kaset

Har yau in na ga mutum ya taɓe baki yana yanke wa fim hukunci, zauren gidanmu na Kaura Namoda nake tunawa, da wata la'asar ta Juma'a, da mutum uku da na yi wautar bari suka shigo.

Shekarar da aka fara shari'a ce. An rufe gidajen kallo, don haka duk mai bidiyo a gida ya wayi gari da masoya. Ni ina da shi. Lokacin ina buga takardu a wani ofis, wani malami ya ara mini kaset na Turawa. Tsofaffi ne biyu, maƙwabta, shinge ya raba lambunansu. Ba a harbi kowa ba, ba a yi rawa ba. Suna shuka, suna gardama, suna shan shayi. Can tsakiya ciwo ya kwantar da ɗaya, sai ɗayan ya dinga tsallaka shinge kowace safiya yana ba shukarsa ruwa bai gaya wa kowa ba. Sau biyu na kalla ni kaɗai, kuma duk lokacin Baba nake gani da abokinsa.

Abokin nan mutumin Zurmi ne, tun muna yara Baban Zurmi muke ce masa. Shi da mahaifina lambunsu na jere a fadama, rijiya ɗaya, jigo ɗaya, tun kafin a haife ni. Wannan ya ja ruwa da safe, wancan da marece. Da ɗansa ya sayo masa injin ban ruwa daga Shinkafi, sai ya sa aka tumɓuke jigon bai shawarci Baba ba. Shi ke nan. Shekara biyu ba abin da ke haɗa su sai sallama, ita ma don gudun zunubin gaba. Abin yana cina ƙwarai, don duk su biyun sun tsufa, kuma ina tsoron ɗaya ya tafi a haka.

Sai na yi dabara. Na ce wa Baba ya zo ya ga yadda Turawa ke noman lambu. Na je na gaya wa Baban Zurmi haka nan. Kowa ya zo bai san da ɗan'uwansa ba. Baba ya zauna can ƙurya, Baban Zurmi ya tsaya bakin ƙofa kamar zai juya, sannan ya zauna kusa da takalmansa. Wurin tsallaka shingen nan kawai nake so su gani tare.

Ban kunna ba sai ga baƙin da ban gayyata ba. Akwai dillalin hatsi na layinmu, mai tumbi, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba amma ya fi kowa sanin noma. Akwai ɗan kabu-kabu da ya jingine babur ɗinsa ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba. Na ukun shi ya fi ba ni haushi. Wata uku baya shi ke tsaron ƙofar gidan kallo na bayan tasha, yana kwatanta wa mutane rawar da za su gani ciki. Yanzu ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya ce ya zo ne ya duba ko akwai abin da ya saɓa. Ni dai na san abin da ya zo dubawa.

Ko minti goma ba a yi ba ɗan kabu-kabu ya fara mutsu-mutsu.

"Wai ina bos ɗin?"

Na ce babu bos.

"To wa za a kashe?"

Na ce ba kowa. Ya dube ni kamar na sayar masa da man da aka haɗa da ruwa.

Dillali ya gyara zama ya ce, "Ku duba mani sakarci. Ƙasa mai kyau haka, mutum shina shuka fure. Fure miya akai da shi? Da ni na, dawa zan zuba." Mutumin da in ka ba shi irin albasa da na alayyafo ba zai bambance ba. Baban Zurmi ya ɗan yi gyaran murya, na ga Baba ya saci kallonsa. A allo wani tsoho yana dashe, yana danna ƙasa da babban yatsa, su biyun duk sun miƙa wuya. Zuciyata ta fara sanyi.

Mai gemu kuwa jira yake mace ta fito. Da ta fito, tsohuwa ce cikin rigar sanyi har wuya, ta ajiye shayi ta koma. Wallahi na ga ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ba haram ciki, amma ɓata lokaci na. Ɓata lokaci ma abin tambaya na ranar gobe." Bai tashi ba dai.

Aka zo wurin da tsohon ya kwanta ciwo. Hoto ya tsaya kan shukarsa tana yaushi, shiru, ba kiɗa. Nan suka taso mini su uku. Tura gaba, tura gaba. Ɗan kabu-kabu ya ce kallon ganye ya ishe shi, akwai shi a hanyar Banga kyauta. Dillali ya yi dariya ya nuna Baba da Baban Zurmi da haɓa ya ce, "Ai fim ɗin tsofaffi na, ga 'yan wasan nan zaune. Sai dai waɗanga ko shayin ba su sha tare."

Suka kwashe da dariya. Baban Zurmi ya sunkuyar da kai.

Ya kamata in kore su. Zaurenmu ne, bidiyona ne. Amma kunya ta kama ni, kada a ce ɗan gidan ya wulaƙanta manya, kuma na ɗauka in na wuce wurin dariyar za ta mutu. Na danna maɓallin tura gaba. Tsohon ya tsallaka shinge da gudu-gudu, layuka na yanka hoton, ya watsa ruwa ya fice cikin ƙiftawar ido, ba wanda ya gane abin da ya faru. Ɗan kabu-kabu ya ce yanzu ne fim ya yi daɗi. Kafin in saki maɓallin, Baban Zurmi ya sa takalmansa ya fita.

Da aka gama suka tsaya ƙofar gida suna ba da fatawa. Dillali ya ce Turawa sun ƙare, ba su da labari. Ɗan kabu-kabu ya ce asarar man janareto. Mai gemu ya matso ya tambaye ni a hankali ko malamin nan yana da wasu kaset ɗin, irin na da.

Da sanyi ya shigo Baban Zurmi ya kwanta ciwo. Ɗansa yana Shinkafi, injin yana jingine ba mai tayarwa. Wata safiya na bi ta fadama na tarar da komayen albasarsa jiƙe sharkaf. Baba ne, da guga da igiya, yana jawowa da hannu, tunda jigo babu. Ya ce, "Kada ka hwaɗa mashi." Na bi umarni, kamar yadda na bi na su dillali. Kwana goma sha wani abu Baban Zurmi ya rasu, yana zaton yaran maƙwabta ke yi masa ban ruwa.

Wurin zaman makoki dillali ne ya fi kowa magana. Yana ta cewa abota irin ta waɗannan bayin Allah ko a fim ba a ganinta. Na tashi na bar wurin don kada in yi abin kunya gaban jama'a.

Baba bai daina ba da ruwan ba har albasa ta yi, ya cire ya kai wa iyalin. Ranar muna dawowa, ba zato, ya ce, "Wanga tsoho na cikin fim ɗinka, da ya kwanta, wa ya ba shukarshi ruwa?"

Na ce abokinsa.

"Ya sani?"

Na ce ya sani, ta taga ya hango shi, ya kira shi suka yi magana.

Muka ci gaba da tafiya. Sai da muka kusa titin jirgi ya sauya wa gugan kafaɗa ya ce, "Da ka bari mun gani."