Kofin da Aka Soka wa Ƙusa

Shekara ashirin da shida Baban Kofi ya yi yana fesa fenti a masana'antar ƙofofin ƙarfe, kuma ba a taɓa dawo da ƙofa ɗaya an ce fentinsa ya yi hawaye ko ya yi kaushi ba. Sunan ya samo shi ne daga wani ɗan kofin tagulla mai huji a gindi, wanda ubangidansa na sana'a ya ba shi ranar da ya yaye shi. Kullum yana rataye kusa da teburin haɗi. In ya dama fenti da tina, ruwan da ake tsinka shi da shi, sai ya tsoma kofin ya cika, ya ɗaga, ido a kan agogon hannu, har zaren fentin da ke zuba ya yanke. Daƙiƙa ashirin yake nema. In ta haura, fenti ya yi kauri, a ƙara tina. In ta gaza, ya yi ruwa, zai zubo a jikin ƙofa. Abokan aiki na tsokanarsa cewa ko shayin matarsa sai ya auna kafin ya sha. Amsarsa ɗaya ce: ido yana ƙarya, kofi ba ya yi.

Sai maigidan wurin ya kawo ƙanin matarsa ya naɗa shi manaja. Mutumin bai san fenti ba, bai san ƙarfe ba, abin da ya iya shi ne farar riga da zagaye da hannu a baya. Ba abin da ya tsole masa ido kamar kofin nan. A ganinsa ɓata lokaci ne ƙato ya tsaya yana kallon fenti na zuba.

Aka kawo aikin ƙofofi arba'in na wata makaranta. Da safe Baban Kofi ya dama fenti, ya ji sandar damawa ta yi masa nauyi a hannu. Ya auna, ashirin cif. Ya sake, ashirin. Ya ce wa kansa gajiya ce, ya ɗau bindigar feshi. Kafin la'asar ƙofofi sun bushe, duk arba'in ɗin kamar ɓawon lemo.

A gaban kowa aka yi masa shari'a. Manaja ya ce tsufa ne, ido ya tafi, hannu na rawa. Maigida, wanda Baban Kofi ya sani tun yana zuwa wurin da wandon makaranta, ya karɓe bindigar ya miƙa wa wani, ya ce Baba ya koma samfefa, takardar gurza, ya kankare abin da ya ɓata.

Kwana uku yana gurzar fentinsa da hannunsa. Ba ƙurar ce ta dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne matarsa ta ga yatsunsa a saɓule ta tambaye shi, ya ɓoye mata cewa an karɓe masa bindigar feshi.

A rana ta huɗu ya sauko da kofin zai wanke, ya ɗaga shi wajen hasken taga. Hujin ba zagayayye ba ne kuma, ga karce-karce a gefensa. Ransa ya ɓaci. Ya san ruwa zalla daƙiƙa goma sha ɗaya yake yi a kofin nan, tun yana saurayi ya haddace. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya kira maigida da manaja, ya tsoma ya ɗaga. Bakwai.

Manaja ko kunya bai ji ba.

"Ai ni na gyara shi," in ji shi. "Na ga hujin ya yi ƙanƙanta, na sa ƙusa na buɗa shi don aiki ya yi sauri."

Baban Kofi ya ajiye kofin. Ya tsaya yana jiran kalma ɗaya daga bakin maigida, wadda ko yaro ya san ita ta dace. Maigida ya dubi ƙanin matarsa, ya dubi ƙasa, ya gyara murya.

"Baba, kai ma da laifinka. Babba kamarka, hannunka ya gaya maka fenti ya yi kauri, ka tsaya bin gwangwani? Ka gama ƙofofin tukuna, ma gani."

Gwangwani. Wanda ya soka ƙusa ya juya abinsa da farar rigarsa, wanda aka soka wa shi ne mai laifi. Abin haushi ma, akwai ƙwayar gaskiya a maganar, don hannunsa ya faɗa masa, shi ya ƙi ji.

Ya gama ƙofofin, don ba ya barin mummunan aiki da sunansa a kai. Da ya shafa ta arba'in ya ji ta yi sumul, ya wanke hannu, ya sa kofin a aljihu. Maigida ya biyo shi har bakin titi da bindigar a hannu yana ce masa ai komai ya wuce. Baban Kofi ya ce a ba manaja, tunda ya iya gyara.

Yanzu kofin yana kicin, matarsa na ɗura mai a kwalba da shi. In tana zubawa takan ga leɓensa na motsi, ta san ƙidaya yake yi, sai ta juya masa baya har ta gama.