Anti Tukuna ta rushe abin da ta gina

Kullum kafin mai shara ya gama goge tebura, Anti Tukuna ta riga ta zauna a ɗakinta na ƙarshen baranda, tana duba jerin ƙunshin da kwamfutocin ɗakin gwajin ruwanmu ke aiki da su. Ƙunshi wata 'yar manhaja ce da ake ɗora wa harshen da muke rubuta wa kwamfuta umarni da shi, don ya iya abin da bai zo da shi ba. Namu sun fi ɗari, kuma kamar 'yan haya suke, wani ba ya shiri da wani. Ita ta san wanda za a saka da wanda za a cire.

Sunan daga bakinta ya fito. In ka ce, "Anti, sabuwar sigar ƙunshi kaza ta fito," sai ta ce, "Tukuna, ɗana. Ai ba guduwa za ta yi ba." Sai ta gwada a gefe.

Akwai ƙunshi ɗaya da ita ta rubuta shekara goma sha huɗu da suka wuce, mai karanta sakamakon injin gwaji kafin a saki ruwa ga gari. Ba wanda ya gane cikinsa sai ita. Saboda wannan ƙunshin ne manaja ya ce ko ta yi ritaya kujerarta na nan.

Sai ta kwashe shekararta ta ƙarshe tana mayar da mu kan ƙunshin da kowa ya iya, ta rubuta bayani, ta goge nata. A gabana manaja ya ce, "Anti, kin kashe kasuwarki da hannunki."

"Ranka ya daɗe, in na kwanta ciwo fa? Gari ya sha ruwa da ƙaddara?"

Ni da na koyi aikin nan da ka, abin ya daɗe yana cin raina. Da ta bar mu a ɗaure, da yanzu muna kiranta uwa maganin kuka. Da ta kwance mu, wata uku ke nan da tafiyarta, babu abin da ya tsaya, babu kuma wanda ya neme ta.

Anti, ke ce kika zaɓi a manta da ke a kan a rasa ki. Na gode, Allah ya saka. Mu da muka rage, duk mai riƙe da abin da shi kaɗai ya iya, ya koya wa na kusa da shi tun ƙafarsa na kai shi ofis.