Shekarar da Matata Ta Nome Kunyoyina

Aikina dako ne a kasuwar hatsi ta Funtua. Buhu nake saɓawa daga shago zuwa tirela tun gemuna yana baƙi. Iyalina kuma suna Ƙarfi, a gidanmu na gado, inda muke noman gandu ɗaya da yayana tun rasuwar tsohonmu. Tare ake noma, in an yi girbi babba ya raba wa kowane ɗaki abin da zai ci shekara. Wannan rabon shi ne tuwon 'ya'yana. Dako na miya ne da sabulu.

Tsohonmu yana da wata doka da Yaya ya gada. Ranar noma kowane namiji da kunyoyinsa, wanda bai zo ba kuwa ba a taɓa masa nasa. A bar wa ciyawa, duk mai wucewa ya gani.

Wata damina lokacin maimai, wato noma na biyu, ya faɗo daidai da babban lodi a wurin Alhajin da nake wa aiki. Na ce, "Alhaji, a ba ni kwana biyu in leƙa gona." Ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba.

"Tafi mana. Amma kada ka dawo, masu neman gurbinka ga su nan a ƙofa."

Na zauna. A kwanakin kaina sarawa yake, kunnuwana na ƙara. Likita ya ɗaure min dantse ya gwada, ya ce hawan jini ne, in rage tunani, in riƙa hutawa. Na ce to. Hutun da na samu shi ne in jingina da buhu bayan azahar in rufe ido har a ƙwala min kira.

Yaya ya bugo waya. "Ɗan birni, ciyawarka ta kai gwiwa, tana gaishe ka."

"Yaya, ka taimaka a rage min, ina nan zuwa."

"Haka Baba ya yi mana?" Ya kashe.

Da lodi ya ƙare na hau mota. Na sauka bakin titi, na bi ta gona kafin gida. Kunyoyina tas, an nome su. Raina ya yi sanyi, na ce ashe Yaya yana da tausayi. Ina fitowa hanya, sai mai facin tayar garinmu ya ɗaga murya, "A'a, mijin manomiya! Fura ka kawo mata?" 'Yan majalisarsa suka kwashe da dariya.

Matata ce ta yi noman. Matar da ko rijiya ba ta zuwa tun da aka kawo ta. Ta ɗauki fartanyata, da goyo a bayanta. A unguwarmu in an ga matar aure a gandu da fartanya, mijinta ya mutu ne ko ya lalace.

Na iske ta tana shafa man kaɗanya a tafin hannu, duk ya yi bororo. Na ce, "Wa ya sa ki?"

"Yunwa, Malam. Kai ka aiko wani ne?"

Da kaka Yaya ya tara mu bakin rumbu, kawunmu na zaune a matsayin shaida. Ya ware damman dawa, ya turo min rabin abin da na saba samu.

"Yaya, an fa nome nawa."

"An nome. Wa ya nome? Mace. A ina ka taɓa jin mace ta ɗauki rabon namiji?"

Na dubi Kawu. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Matata tana bayan zana, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Da na shiga ta ɗauko fartanyar ta ajiye a gabana. "Ga kayanka. Baɗi ka zo ko kada ka zo, ni dai na ga iyakar abin da hannuna yake ja."

Dawar ba ta kai mu bazara ba. Na koma sayen masara a shagon Alhaji, daga cikin buhunan da na sauke da kafaɗata. Da kansa ya auna min. Ya cika tiya ta yi tozo, ya dube ni, ya sa gefen hannu ya share tozon ya koma cikin buhu.

"Na ji an ce kana da gandu," in ji shi. "Me kuke nomawa?"