Wayar Baba Mai Lambu

Baba Mai Lambu ya riga ni zuwa gidan da nake girki. Mutum ne mai kaffa-kaffa, ko tiyo ba ya bari kowa ya taɓa masa, kuma duk furen da ke tsakar gidan shi ya dasa da hannunsa. Da aikin yake riƙe jikoki marayu.

Sai kwatsam tsohon da ko kira ba ya iya amsawa ya sayi babbar waya. Kullum da safe yana durƙushe gindin shuka yana ɗaukar hoto, ya koma inuwa ya manna wayar a fuska. Abin bai kwanta mini ba. Furen da kake shayarwa kullum, me za ka yi da hotonsa? Kuma shukokin nan jikin katanga suke, wasu ƙarƙashin tagar Hajiya, matar gidan.

Maigadi ya fi ni zafi. Da aka haura gidan maƙwabta aka yi sata, shi ya kai magana ciki, wai Baba na ɗaukar wa ɓarayi hoton gida.

Hajiya ta tara mu a baranda, ta karɓi wayar. Ina leƙe ta bayanta. Babu taga, babu ƙofa, ganye ne kawai da fure, yawanci ma a karkace.

"Baba, wa kake tura wa waɗannan?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe."

"To na mene ne?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya san idan ya yi shiru ɓarawo ne, idan ya faɗa aikin ya tafi.

"Ido ne ya yi rauni," in ji shi. "Ba na ganin ƙwari a ganye. In na ɗauka na buɗa hoton da yatsa, sai in gani."

Hajiya ta ba shi haƙuri har sau biyu, ta yi wa maigadi tatas. Ƙarshen wata ta sallami Baba da goma ta arziki, ta ɗauko matashi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Jiya Baba ya kira ni. Bai tambayi lafiyar kowa ba.

"'Yata, jan furen nan na bakin famfo, ɗauko mini hoton bayan ganyensa ki turo. Yaron nan ba zai duba ba."