Maramiyyar da Na Kusa Kashewa da Ruwa

Shekarun baya, mahaifiyata ta tafi Kumbotso zaman jegon ƙanwata, ta bar mini amanar maramiyyarta. Wani ganye ne mai ƙanshi da ake dafawa kamar shayi. Ita tana kurkure baki da shi idan dasashinta ya kumbura, ko ta sha idan maƙogwaro ya dame ta. Yayarta da ke zaune a Madina ce ta aiko mata da irin, kuma ba a jima ba Allah Ya yi wa yayar rasuwa. Tushe biyar ne suka tsiro, a tsofaffin bokitai a bayan ɗakinta.

Da za ta shiga mota ta ce, "Ka dai riƙa leƙa su, ba sa son hidima."

Ni kuwa a bakin kanal na ban-ruwa na girma a Kura, shinkafa da tumatir na sani. A wurinmu idan kana ƙaunar shuka, ruwa kake ba ta. Da na ga ƙasar bokitan ta bushe ƙamas, har tausayin tsohuwa na ji, wai ba ta iya noma ba. Na kwashe su na kai gona, na dasa a gefen fangalin shinkafa, ina jiran ta dawo ta sa mini albarka.

Kafin sati biyu ganyen ya yi rawaya. Da yake ni gwani ne, sai na ƙara ruwa. Huɗu suka mutu.

Dattijon da muke iyakar gona da shi ne ya tarar da ni tsugune a kan ta biyar. Ya tona gindin da yatsa, ya shinshina.

"Ɗana, wannan daga ina ta zo?"

"Daga Madina, Baba."

"To a Madina ka taɓa jin ana noman shinkafa?"

Da kansa ya cire ta, ya yanke saiwar da ta ruɓe, ya sa ta a fasasshen tulu da rairayi. Ya ce in ajiye ta a inuwa, in kuma ɗaure hannuna. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wucewa ta gabanta da buta ban zuba ba. Ana saura kwana uku mahaifiyata ta dawo, sai shukar ta fitar da sabon ganye.

Na faɗa mata gaskiya tun kafin ta ajiye kaya. Ta daɗe tana kallon bokitan da babu komai, na ga ranta ya sosu. Sai ta murza ganyen ɗayar, ta kai hanci, ta ce, "Alhamdu lillahi, yayata ba ta tafi duka ba."

Har yau idan na tuna, kunya nake ji, sannan in yi wa dattijon nan addu'a. A wurinsa na gane ana iya cutar da abu da tsabar kulawa. Bayan rasuwar mahaifiyata, ƙannena mata ba su nemi komai a kayanta ba sai reshen maramiyya. Na yankar wa kowacce, ina gode wa Allah da ya zama akwai abin da zan yanka.