Mai Buroshi da Munafukar Monita

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rubuta allunan shaguna da hannu, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Mai Buroshi yake ce masa. Rumfarsa tana bakin titi, tsakanin mai faci da mai gyaran agogo. A kan wata gajeruwar kujera ta katako yake zama, wadda fenti ya yi wa ɓawo kala-kala, ya haɗa launi a murfin gwangwani. Ba ya awo. Zai ɗiga ja, ya ɗiga fari, ya juya da tsinke, ya ɗaga wa rana, ya ce ya yi. Kuma ya yi ɗin.

Da injinan buga bana, wato ƙyallen talla, suka shigo, abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma tuƙi, wani gadi. Shi ya ƙi. Autarsa ce ta koya masa kwamfuta, wata takwas yana zagin linzamin kwamfutar kafin hannunsa ya faɗa. Daga nan shi yake zane, ita ta zuba a filash ta kai wa mai injin bugu. Ya yarda da komai, ban da kujera. Ta saya masa mai juyawa, ya ce shi ba manajan banki ba ne, ya jawo tsohuwarsa gaban teburi, yana kallon allon kwamfutar daga ƙasa.

Da tsohuwar monitarsa, wato allon kwamfutar, ta mutu, mijin Auta ya shigo da sabuwa a kwali, yana haki.

"Baba, ga ta nan, kusan girman taga. Kuma da araha na same ta."

Kyautar suruki ce, ba a ƙi. Ya sa masa albarka.

Aikin farko a kanta na mai gidan burodi ne, mutumin da Mai Buroshi ya rubuta wa allonsa na fari tun yana talla a keke. Ja yake so, ja wur, wanda za a hango daga ƙarshen layi. Mai Buroshi ya zaɓi jan da kansa. Da bana ta fito daga inji, sai ga ta kamar ruwan wankin nama.

Mai burodi ya shimfiɗa ta a ƙofar rumfa, a gaban mai faci da duk wanda ya zo wucewa.

"Baba, wannan ne ja?"

"Injinsu ne."

"Mai inji ya nuna mini a tasa kwamfutar, haka ka aiko. Ba raini ba, Baba, ka je a duba idon nan. Shekaru sun ja."

Aiki na biyu, shuɗin wata makaranta, shi ma ya fito a koɗe. Daga ranar aka soma yi masa magana a hankali, irin wadda ake yi wa marar lafiya. Ba abin da ya fi ƙona masa rai kamar wannan. Ran nan Auta ta ajiye katin asibitin ido a gefen teburi, ba ta kalle shi ba.

"Baba, ni da maigidana mun yi shawara. Ka huta haka, ni zan riƙa zanen. Kai sai ka riƙa karɓar mutane."

"In koma mai gadin rumfata ke nan."

"Ba haka nake nufi ba."

"Da idon nan na ciyar da ke, na biya makarantar da kika koyo danne-dannen nan. Yau shi za ki yanke wa kati?"

Ya miƙe a fusace zai fita. Zanen mai burodi yana buɗe a monita, kuma yana miƙewa jan ya koɗe a gabansa, ya koma ruwan wankin naman nan sak. Ya tsaya. Ya zauna, jan ya dawo wur. Ya sake miƙewa, ya sake zama, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Zo ki zauna nan," ya ce.

Auta ta zauna a gajeruwar kujerar, ta miƙe, ta sake zama. Ta rufe baki da hannu.

"Munafuka ce," in ji Mai Buroshi. "Fuska ɗaya take nuna wa na tsaye, wata daban ga na zaune. Wata guda tana yi mini ƙarya, ku kuma kuka bi bayanta."

Washegari ya ɗauki kujerar a hammata, da filash, da wata takarda mai launuka da mai inji ya taɓa buga musu, shi da Auta suka tafi shagon kwamfutoci. Kuɗin aljihunsa ba su da yawa, ya kuma faɗa wa mai shagon haka tun daga ƙofa. Mai shagon ya nufi wata ƙatuwa mai ƙyalli.

"Wannan, Baba, in ka kunna ƙwallo sai ka ce kana cikin fili."

"Na ce maka ƙwallo na zo kallo? Saka mini filash ɗin nan. Ka rage hasken, ba fitila nake saye ba."

Ya dire kujerarsa gaban kowace monita. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, ya kara takardar a jikinta. Masu saye suka tsaya kallo, wata mata tana dariya a cikin gyale. Bai kula ba. Biyar ya gwada, biyar suka sauya fuska.

"Waccan fa, ta lungu?"

"Ta hannu ce, Baba. Ƙarama, ga ƙarce a gindi. Ba ajinka ba ce."

"Ajina ya zube tun makon jiya. Kawo ta."

Ba ta da ƙyalli, launinta a natse yake. Amma jan da ta nuna masa a zaune shi ta nuna masa a tsaye, kuma shi ne na takardar. Kuɗinsa suka ishe ta, har da canjin mota.

Bana ta biyu ta fito ja wur. Da kansa ya kai ta gidan burodi, ya tsaya aka ɗaura. Mai burodi ya ja da baya zuwa tsakiyar titi, ya gyaɗa kai.

"Ka gani, Baba? Ashe dai an je asibitin."

Mai Buroshi ya dube shi har sai da murmushi ya bushe a fuskar mai burodin. Bai yi masa bayani ba. Wanda ya ƙaryata shi a bainar jama'a, a ganinsa, bai cancanci bayani ba.

Har yau yana nan a rumfarsa, a gajeruwar kujerarsa, shi yake zaɓar launi. In mai burodi ya gaishe shi, da hannu kawai yake amsawa. Ƙatuwar monitar kuwa ya sa Auta ta mayar wa mijinta a kwalinta. Katin asibitin yana manne a kan murfin.

"Ki ce masa ya je a duba shi," ya ce. "Shi ya zaɓo ta."